Babi Na Biyar: Bin Sawun Waɗanda Suka Ƙetare Teku Daga Ailan

A shekarar 1841, sa'ad da hukumar Ingila, wadda ke riƙe da tsibirin Ailan a wancan zamani, ta sa aka bi gida gida aka ƙidaya jama'a, an tarar mutanen tsibirin sun haura miliyan 8. Da aka sake ƙidaya bayan shekara goma sai aka ga sun koma wajen miliyan 6 da rabi. A ƙidayar 1911 kuwa ko miliyan 4 da rabi ba su kai ba, alhali galibin ƙasashen Turai a wannan tsakani sai daɗa cika suke yi suna batsewa. Waɗannan mutane da suka fita daga lissafi, wasunsu ƙasa ce ta rufe musu ido, amma mafi yawansu teku suka ƙetare, suka watsu a Amurka da Kanada da Ostareliya da Ajantina da biranen Ingila, suka hayayyafa a can, har ta kai ga a yau a Amurka kaɗai mutum fiye da miliyan 30 ke jingina nasabarsu ga Ailan, wato ninkin ba ninkin na waɗanda ke zaune a tsibirin kansa. Daga cikin wannan zuriya ne ake samun masu tashi, galibi bayan furfura ta fara bayyana kuma tsofaffin gida sun ƙare, su ce lalle sai sun san ƙauyen da kakansu ya fito.

Musabbabin babbar fitar sananne ne. Talakan Ailan ba shi da ƙasa tasa, haya yake yi a hannun masu manyan filaye, hatsin da ya noma da aladen da ya kiwata su ne kuɗin haya, abincinsa da na iyalinsa kuwa dankalin Turawa ne safe da dare. Da wata cuta ta faɗa wa dankalin a 1845, ta kuma yi ta komowa a damunan da suka biyo, sai yunwa da zazzaɓi suka kashe kimanin mutum miliyan ɗaya kafin 1852, wasu fiye da miliyan suka gudu. Ƙofar da yunwa ta buɗe ba ta sake rufuwa ba har ƙarni ya juya, domin wanda ya riga ya isa yakan aiko da kuɗin jirgin ƙanensa, ƙanen ya aiko wa ƙanwa, har gida ya koma sai tsofaffi. A wasu yankunan, daren da saurayi ko budurwa za su tafi, akan taru a kwana zaune ana kuka ana kiɗa tamkar yadda suke yi wa mamaci, saboda kowa ya san da wuya a sake ganawa a duniya. Mutumin da ya fita a wannan hali bai ɗauki takardar haihuwa ba, don ba a fara yinta ba tukuna, sau da yawa kuma ko sunansa bai iya rubutawa ba. Wannan shi ne mutumin da jikokin jikokinsa ke nema.

Kuskuren da mai neman asali ya fi faɗawa ciki shi ne gaggawar zuwa Ailan, ko dai da ƙafarsa ko ta intanet, yana riƙe da suna guda da zancen da ya ji a bakin kakarsa. A ce sunan kakan Patrick Murphy, an kuma ce daga lardin Cork ya fito wajen shekarun yunwa. To, Murphy shi ne sunan zuriya da ya fi kowane yawa a ƙasar, Patrick kuwa kusan babu gidan da aka rasa shi, don haka mai bincike zai sami mutum barkatai da suka dace da wannan siffa, kuma zuciya, da yake tana son abin da take so, za ta zaɓar masa ɗaya ta ce shi ne. Ailan ta kasu larduna 32, kowane lardi ya kasu yankunan majami'u, ƙarƙashinsu kuma akwai 'yan ƙananan unguwannin karkara fiye da 60,000, wata ba ta wuce gonaki kaɗan da gidaje biyar ko shida ba, kowacce da sunanta. Sunan wannan unguwa, ko aƙalla na yankin majami'a, shi ne mabuɗin al'amarin duka, kuma abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne ba safai ake samunsa a Ailan ba; a ƙasar da mutumin ya mutu ake tono shi.

Wanda ya zauna gaban malaman hadisi ba zai ga baƙon abu a ƙa'idar wannan fanni ba, domin ita ce ƙa'idar isnadi: ana farawa daga wanda aka sani a hau zuwa wanda ba a sani ba, ɗaya bayan ɗaya, kowane mataki da hujjarsa, kuma in aka tsallake mutum guda a tsakiya salsala ta yanke, ko da sunayen da ke sama sun yi daɗin ji. Mai bincike zai fara da takardar auren iyayensa, ya hau zuwa ta mutuwar kakansa, ya bi iyalin a cikin ƙidayar Amurka shekara goma goma yana komawa baya, sai dai zai yi tuntuɓe a 1890, domin mafi yawan takardun wannan ƙidaya sun halaka sakamakon gobarar da aka yi a Washington a 1921. Riwayar baka ta gida ba a zubar da ita, amma ba a karɓarta sai an auna. Iyalai da yawa da ke cewa su mutanen Cork ne, haƙiƙanin abin shi ne a can kakansu ya hau jirgi, a tashar Cobh, wadda ake kira Queenstown a lokacin, tashar da aka ƙiyasta mutum miliyan 2 da rabi sun fita ta cikinta tsakanin 1848 da 1950. Haka nan zancen nan da ya shahara, wai ma'aikatan tsibirin Ellis, inda ake tantance baƙi masu shiga New York, su ne suka sauya wa mutane sunaye, ba shi da tushe, gama tun a tashar da jirgi ya taso ake rubuta sunayen fasinja, ma'aikatan Ellis dubawa kawai suke yi. Mutanen da kansu ne suka riƙa gyara sunayensu daga baya domin neman aiki da gudun tsangwama.

Jerin sunayen fasinjojin jirgin ruwa, wanda kowa ke zaton shi ne ganima, sau da yawa ƙaiƙayi ne. Amurka ta fara tilasta rubuta shi a 1820, amma shekaru da dama abin da ake sawa bai wuce suna da shekaru da sana'a da ƙasar asali ba, kalmar Ailan kurum, babu lardi balle unguwa. Da yawa ma ba daga Ailan suka tashi kai tsaye ba, sai sun ƙetara zuwa Liverpool tukuna. Wasu kuma Kanada suka nufa don kuɗin jirginta ya fi sauƙi, daga can suka gangara Amurka ba wanda ya rubuta shigarsu. A tsibirin Grosse Île da ke cikin kogin St Lawrence, inda ake killace marasa lafiya kafin a bar su su isa Quebec, an binne mutum fiye da 5,000 a shekarar 1847 kaɗai, marayun da suka bari kuwa da yawa iyalai masu jin Faransanci ne suka ɗauke su suka rena. Inda aka fi samun cikakken jeri shi ne inda mai fili ya biya kuɗin jirgi don ya rabu da talakawansa, kamar yadda Manjo Denis Mahon na Strokestown ya yi a wannan shekara, ya kwashi mutum 1,490 ya sa suka taka da ƙafa har Dublin aka zuba su a jirage, da yawansu suka mutu a hanya, shi kuma aka harbe shi kafin shekarar ta fita. Magatakardansa sun rubuta sunayen mutanen da unguwanninsu, domin lissafin haya ne a wurinsu, kuma takardun suna nan.

A nan ne mai nazari zai fara lura da wata ɗabi'a ta wannan ilmi, wato talaka ba ya shiga littafi sai ranar da wani mai iko ke da bukata a kansa: mai karɓar haraji, ko mai bin bashi, ko alƙali, ko limamin majami'a. Shi ya sa zuriyar fursunonin da aka kora zuwa Ostareliya suka fi zuriyar mutanen kirki da suka biya kuɗin jirginsu sa'a, domin fursuna an rubuta garinsu da laifinsa da tsawonsa da launin idonsa har da tabon da ke jikinsa. Haka 'yan mata marayu fiye da 4,000 da aka ɗebo daga gidajen gajiyayyu aka kai Ostareliya tsakanin 1848 da 1850, an rubuta garuruwansu da sunayen iyayensu, tun da hukuma ce ta ɗauki nauyinsu.

A Amurka, wuraren da sunan unguwa ke ɓuya kaɗan ne, amma masu albarka. Akwai dutsen kabari, domin waɗannan mutane, ko da sun yi shekara hamsin a Boston ko Philadelphia, sukan so a sassaƙa sunan lardinsu da yankin majami'arsu a kan kushewarsu. Akwai littattafan wani banki da ƙungiyar taimakon baƙin Ailan ta kafa a New York a 1850, inda, saboda da yawa daga masu ajiya ba sa iya sa hannu, ake tambayar mutum garinsu da sunan jirgin da ya kawo shi da sunayen iyayensa da 'yan'uwansa, a rubuta, domin ran da ya zo ɗaukar kuɗinsa a jarraba shi da su. Wanda ya fi taɓa zuciya kuwa shi ne shafin cigiya na jaridar Pilot ta Boston, wanda ya gudana daga 1831 har 1921, aka kuma tattara cigiya fiye da 40,000 daga cikinsa. Mace ce ke neman mijin da ya riga ta zuwa ya yi shiru, ko uwa tana cigiyar ɗan da rabon da a ji ɗuriyarsa tun yana aikin haƙar hanyar ruwa ko shimfiɗa dogo a wata jiha. Kuma da yake mai cigiya yana son a bambance nasa Murphy da na wasu, dole ya ambaci unguwa da yankin majami'a da shekarar tashi. Wasu sun gana, wasu har abada. Amma bayanin da aka biya kuɗi aka buga don wani ya ji ya amsa a cikin makon, shi ne bayan shekara ɗari da hamsin ke shiryar da tattaɓa kunnen mai cigiyar.

To, in Allah ya sa an dace da sunan unguwa, sai a fuskanci Ailan, a nan kuma sai an yi haƙuri da wata musiba. A cikin watan Afrilu na 1922 dakarun da suka ƙi amincewa da yarjejeniyar mulkin kai da aka ƙulla da Ingila suka mamaye harabar manyan kotuna a Dublin, inda ma'ajin takardun ƙasa yake, suka kuma tara albarusai a ciki. Ranar 28 ga Yuni sojojin sabuwar gwamnati suka fara yi musu ruwan igwa, ranar 30 ga wata wurin ya fashe ya kama da wuta, takardun ƙarni bakwai suka tashi sama suna zubowa a kan birnin. Ƙidayar 1821 da 1831 da 1841 da 1851, waɗanda a cikinsu ne sunayen mutanen zamanin yunwa suke gida gida, suka tafi, ban da 'yan gutsattsari. Haka wasiyyoyi, da littattafan majami'u masu yawa na ɗariƙar da take ta hukuma. Har yau ana jayayya a kan wanda ya fi laifi a tsakanin ɓangarorin biyu. Ni dai a ganina, kafin a gama la'antar masu bindiga ya kamata a tuna da masu alƙalami, domin ƙidayar 1861 da 1871 hukuma ce ta lalata su da gangan tun da daɗewa, ta 1881 da 1891 kuma aka niƙa su a zamanin Yaƙin Duniya na Farko. Ta 1901 da 1911 ne suka tsira, suna nan a intanet kyauta ga kowa.

Wannan gobara ta haifar da wani zance da ya yaɗu, wai duk takardun Ailan sun ƙone, zancen da ya sa mutane da yawa suka yanke ƙauna tun ba su fara ba, alhali ba haka abin yake ba. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta hukuma, wadda aka fara ga kowa da kowa a 1864, a wani ofishi dabam take, ba abin da ya same ta. Littattafan baftisma da aure na Katolika, ɗariƙar mafi yawan masu ƙaura, su ma sun kuɓuta, kuma dalilin kuɓutarsu abin lura ne: da yake ba ɗariƙar hukuma ba ce, ba a ɗauki littattafanta a matsayin takardun ƙasa ba balle a kai su ma'aji, sai suka zauna a gidajen limamai a ƙauyuka. Wulaƙancin da aka yi musu shi ya cece su. Ɗakin karatu na ƙasa ya ɗauki hotunansu tun a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, a 2015 kuma ya sa su a intanet. Sai kuma littattafan haraji guda biyu da suka zama madadin ƙidayar da ta ƙone: na ushiri, wanda aka rubuta tsakanin 1823 da 1837 domin a san abin da kowane manomi zai biya wa majami'ar hukuma ko da ba ita yake bi ba, da babban ƙiyasin filaye na Richard Griffith, wanda aka buga lardi lardi daga 1847 zuwa 1864, ɗauke da sunan mai haya da na mai fili da girman gona da kimarta, tare da taswira. Sunan maigida kaɗai ake samu a ciki, ba mata ba 'ya'ya. Amma ofishin ya ci gaba da gyara littattafan da tawada kala kala, ta yadda mai dubawa zai ga shekarar da aka soke sunan wani aka rubuta na wani, ya gane a nan ne aka mutu, ko aka kori mutum, ko ya shiga jirgi.

Akwai wata ƙofa da ba wanda ya yi nufin buɗe ta. A 1908 aka kafa dokar fansho ga tsofaffi masu shekara 70, sule biyar a mako, sai ga shi babu tsohon da ke da takardar haihuwa, tun da duk an haife su kafin 1864. An ce har akan tambayi mutum ko yana tuna daren babbar guguwar da ta ratsa ƙasar a watan Janairu na 1839. Hanya mafi inganci ita ce a aika Dublin a duba sunansa a ƙidayar 1841 ko 1851, ma'aikaci ya kwafo abin da ya gani. Waɗannan kwafe-kwafe sun tsira bayan asalin ya ƙone. Wannan doka ce kuma ta sa in ka gwada shekarun mutum a ƙidayar 1901 da ta 1911, sau da yawa sai ka ga ya tsufa da shekara goma sha biyar ko ashirin a cikin shekara goma. Saboda haka duk wanda ya ƙi wani Patrick don shekarunsa sun saɓa da uku ko huɗu, bai san mutanen ba.

Sunaye ma suna da nasu tarkon. Limamai da yawa da Latin suke rubutu, James ya koma Jacobus. Harafin O ko Mac da ke gaban sunan zuriya yakan faɗi a wani littafi ya dawo a wani. Yarinyar da aka yi wa baftisma da Bridget sai a same ta a Amurka tana amsa Delia. Abin da ke taimako shi ne al'adar da iyalai da yawa ke bi, ta sa wa ɗan fari sunan kakansa na wajen uba, na biyu na kakansa na wajen uwa, haka ma 'ya'ya mata da kakanninsu mata. Alama ce mai nuna hanya, amma ba ta kai matsayin hujja ba.

Misalin da ya fi nuna haɗarin yanke salsala shi ne na Annie Moore, yarinyar Cork da ta zama ta farko da aka rubuta a tsibirin Ellis ranar da aka buɗe shi, 1 ga Janairun 1892, aka ba ta tsabar zinariya ta dala goma, daga baya aka yi mutum-mutuminta a Cobh da Ellis. Shekaru da yawa ana ba da labarin cewa ta yi yamma ta zauna a Texas, har ana gayyatar zuriyar wata Annie Moore ta can wajen bukukuwa. Sai a 2006 Megan Smolenyak da wasu masana nasaba suka bi takardu, suka tarar wancan matar a Amurka aka haife ta, ta ainihin kuwa ba ta bar unguwar matalauta ta New York ba, ta haifi 'ya'ya aƙalla goma, da yawansu suka rasu suna ƙanana, ita ma ta rasu a 1924 aka binne ta a kabarin da ba alama. Ba wanda ya yi ƙarya da gangan. Suna ya dace, labari ya yi daɗi, aka daina tambaya. Inda aka bi ƙa'ida kuwa akan ci karo da abin da ba a zata ba: ta haka aka gano cewa wani Falmouth Kearney, ɗan baduku daga Moneygall wanda ya isa New York a 1850, kaka ne ga Barack Obama ta wajen uwa, har Obama ya ziyarci ƙauyen a 2011, haka nan Muhammad Ali, zakaran dambe, wanda kakan mahaifiyarsa Abe Grady ya bar garin Ennis ya zauna a Kentucky, ya je garin a 2009 aka karrama shi.

Ba kowa ne shauƙi ke kora ba. Dokar Ailan ta ba wanda aka haifi kakansa ko kakarsa a tsibirin damar neman zama ɗan ƙasa, kuma tun da Birtaniya ta zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai a 2016 masu tono takardar haihuwar kaka suka ƙaru ainun. Wannan nema ne mai sauƙi, tun da bai cika wuce zamanin rajista ba. Mai wahalar shi ne na wanda kakansa ya fito daga yammacin tsibirin, daga duwatsun Mayo ko Galway ko Donegal, inda talauci ya fi tsanani kuma yunwa ta fi ɓarna, domin yankunan majami'u da yawa a can ba su fara ajiye littafi ba sai a shekarun 1840 ko 1850, wasu ma bayan haka, alhali na biranen gabas da kudu sun kai ƙarni na 18. Mutumin da aka haifa a irin wannan wuri a 1825 ya tafi a 1847, mai yiwuwa ba a taɓa rubuta sunansa a ƙasar haihuwarsa ba ko sau ɗaya. Zuriyar irinsa su ne a yanzu suka fi dogara ga gwajin ƙwayar halitta, wanda ke iya nuna musu cewa suna da dangi da yawa a wani yanki na Mayo, su kuma sai su koma ga littafin Griffith su duba gidaje nawa ne masu wannan suna a unguwannin yankin, su fara tankaɗe su ɗaya ɗaya.